ƊAN DA BABA YA BARI A SILON

Shafi na 18

Maman Fatiha, Anka

Hasana Bukkuyum, na ga saƙonki. Kin ce in na sake barin Inna Hure a hannun birai za ki fita daga guruf. Ga ta nan na sauko da ita lafiya, goron ne dai bai dawo ba.

Sababbin zuwa kuma, ga inda muke. Malam Ishaq tsohon malamin gona ne a Gummi. Yana sabon aure gwamnati ta tura shi kwas ɗin noman rani ƙasar Siri Lanka, wadda tsofaffi ke kira Silon. Tun da ya dawo yake ba da labarin ƙasar, ba mai yarda, har amininsa Atiku ya laƙa masa suna Baba Silon. Yanzu bayan shekara talatin da ɗoriya, autarsa Lubna ta ɗauko shi da Innarta ta maido su ƙasar.

*

Motar ta bar kwalta ta kama wata jar hanya mai ratsa gonakin shinkafa. Nizam ke tuƙi, direban da Lubna ta ɗauka tun daga filin jirgi. Musulmin ƙasar ne, Turanci yake yi da ita da Baba. Inna Hure kuwa sai an fassara mata.

Tana baya ta ƙanƙame jakarta a ƙirji.

"Inna, ki saki jakar nan mana, babu biri a cikin mota," in ji Lubna.

"Ke dai ƙyale ni. Jiya ma cewa kunka yi ba su taɓa mutane."

"Ai ke kika ƙi shiga kogon, kika zauna waje ke kaɗai."

"In shiga ɗakin gumaka? Ku da kunka shiga, mi kunka gano?"

"Mutum-mutumin Buddha a kwance, Inna, ya fi motar tirela tsawo. Rufin kogon kuma duk zane ne, babu inda za ki sa yatsa."

"To Allah shi ba ku lada. Ni goron da nit taho da shi tun daga Gummi, dud da ƙunshin, ya haye dutse shina kallona shina ci."

"Bai ci ba, tofarwa ya yi," Baba ya ce daga kujerar gaba.

"Shi na abin da yah hi ƙona min rai."

Nizam bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya taya su dariya.

Daga nan Baba ya juya gefe. Ya manna fuskarsa da gilashi yana kallon gonakin.

Yau ce ranar da ya fi jira a duk tafiyar. A ƙauyen da suka nufa aka ajiye shi aikin gwaji lokacin kwas, a nan kuma zazzaɓi ya kayar da shi har aka fid da rai. Wani matashin malamin addinin Buddha mai suna Sumana ne ya ɗauke shi ya kai shi gidan ibadarsu, ya yi jinyarsa har ya miƙe.

"Malam," Inna ta ce a hankali, "in ka iske ya rasu hwa?"

"Sai in ga ɗakin da ya jinyace ni, in juyo."

Can saman itatuwan kwakwa wata farar ƙubba ta leƙo.

"Nan na," Baba ya ce. "Nizam, nan na."

*

A bakin ƙofa suka cire takalma. An share yashin filin tas, har da zanen tsintsiya. Wasu mata sanye da fararen kaya suka wuce su ɗauke da furanni a tafin hannu.

Inna ta bi su da kallo.

"Wanga ba bado ba na?"

"Shi ne, Inna. Shi suke kaiwa ciki."

"Ikon Allah. Abin da munka ci da yunwa a Nasarawa Burkullu muna yara."

Ta ja ta tsaya ƙarƙashin wani ƙaton itace mai kama da gamji.

"Ni iyakata nan."

Babu wanda ya matsa mata.

Wani tsoho ya fito daga bayan ƙubbar riƙe da tsintsiya. Ɗan ƙarami ne, kansa a aske, ya yafa ƙyalle ruwan goro ya bar kafaɗa ɗaya a waje. Ya gyara tabarau ya dube su.

Baba ya cire hularsa. Lubna ba ta taɓa ganin ya cire hula a gaban mutane ba.

Tsohon ya matso. Ya dubi furfurar Baba, ya dubi tsagen da ke gefen fuskarsa. Tsintsiyar ta faɗi.

"Isaka?"

"Sumana."

Suka kama hannun juna suka kasa saki. Wannan ya nuna furfurar wancan, wancan ya nuna bakin wannan da babu haƙori, suka fashe da dariya kamar yara. Turancin tsohon ya tsatse, kalma biyu uku ya iya haɗawa, sai ya koma yarensu na Sinhala, Nizam na fassarawa.

"Ya ce ka yi ƙiba."

"Ce mashi shi kuma ya ƙanƙance."

Da aka gaya masa cewa matar da ke gindin itace ita ce amaryar da Baba ya riƙa kiran sunanta cikin zafin zazzaɓi, tsohon bai nemi ta shigo ba. Shi ya taka ya je. Ya tsaya nesa kaɗan, ya haɗa tafukansa a ƙirji.

"Hure," ya ce, daidai, ba kuskure.

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Malam, har sunana kab ba mutane?"

"Ban san na yi ba."

"Amma ya san ya kamata. Kin ga bai miƙo min hannu ba."

"Ba sa taɓa mata, Inna."

"To madalla da shi."

Aka kawo kujeru nan gindin itacen. Matan ƙauye suka kawo baƙin shayi da mazarƙwaila a gefe, da kindirmon ɓauna a ƙananan tukwanen ƙasa. Inna ta ɗanɗana, ta juya cokali, ta sake ɗanɗanawa.

"Bai kai na Fulanin Gwashi ba. Amma a ƙaro."

Da ta ƙoshi ta goge baki ta dubi Lubna.

"Hwaɗa mashi na gode. Lokacin da yak kwanta nan, ina ɗauke da cikin yayanku. Da bai tsaya kanai ba, da maraya nih haihwa."

Lubna ta faɗa wa Nizam, Nizam ya faɗa wa tsohon. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Da ya ɗago, sai ya yi wata magana yana nuna dajin da ke bayan gonaki da haɓarsa.

Nizam ya buɗe baki zai fassara, sai ya rufe. Ya sake tambayar tsohon. Tsohon ya maimaita yana murmushi.

Nizam ya kalli ƙasa ya faɗa da Turanci, can ciki.

Kofin shayin Baba ya tsaya tsakanin gwiwa da baki.

"Mi yac ce?" in ji Inna.

"Ba komai, Inna."

"Lubna, ni na haihe ki."

Lubna ta dubi Baba. Baba na kallon tsohon kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Ya ce... wai Baba ya zo a kan gaɓa. Wai ɗansa yana nan kusa."

"Ɗan wa?"

"Ɗan Baba."

Sai kukan wani ɗawisu can cikin gonaki.

Inna ta ajiye tukunyar kindirmon a ƙasa, a hankali.

"Hure, wallahi..."

"Kada ka rantse, Malam. Nan ba wurin rantsuwa ba na."

"Ban san wata mace ba a ƙasar ga. Kwas niy yi, ciwo niy yi, na koma gida."

Ba ta ko kalle shi ba.

"Tambayam min tsohon ga. Shekarun yaron nawa?"

Tambayar ta bi layi, daga Lubna zuwa Nizam zuwa tsohon, amsa ta biyo layin ta dawo.

"Ya ce yana jariri Baba ya tafi."

"Tsaran yayanku ke nan. Uwatai hwa?"

"Ta daɗe da mutuwa."

"Sunanai?"

Lubna ta sunkuyar da kai.

"Isaka suke ce masa. Sunan Baba."

Idanun Inna suka kawo ruwa. Sai yanzu ta juya ga mijinta.

"Ba kishi ba na, Malam, na tsuhwa da kishi. Abin da yat taɓa ni, jininka. Ka bar shi ƙasar mutane, babu uwa, babu uba, ko hular salla ba ka taɓa aiko mashi ba. Kai da ka tara ɗiyan maƙwabta ka ciyar."

"Hure, ki saurare ni."

"Na saurare ka shekara talatin. Yanzu tsohon ga za ni saurare. Lubna, aikin mi yaron yake yi?"

Layi ya tafi, layi ya dawo.

"Ba ya aiki, Inna. Yawo yake a daji."

"Ina yake kwana?"

"Inda ya ga dama."

"Shina salla?"

"Inna, wannan kuma..."

"Tambaya."

Da tambayar ta isa, tsohon ya yi dariya har ya sarƙe. Sai da aka ba shi ruwa.

"Ya ce bai taɓa ganin ya yi ba. Amma yana yawan wanka."

"Ya yi aure?"

Lubna ta runtse ido da ta ji amsar.

"Bai yi ba. Amma yana da 'ya'ya da yawa."

Inna ta dafe kai da hannu biyu.

"Ka gani ko, Malam? Ka ga abin da rashin uba ke yi?"

Baba ya zauna kamar wanda aka zare wa laka. Lubna kanta hawaye ya taru mata. Wannan Baban nata, da ko ƙarar rediyo ba ya so ta dami maƙwabta?

Tsohon ya ci gaba da magana ba tare da an tambaye shi ba, yana nuni da hannu.

"Ya ce mutanen ƙauye suna son shi, amma yana ba su wahala. Bara ya shiga gonar wani ya cinye masa ayaba kaf, ya kuma ture katangar rumbu ya sha shinkafa."

"Shaye-shaye ya hwara," Inna ta ce. "To ni dai ba ni barin shi nan. Ko mi yaz zama, da shi za ni koma Gummi. A sa shi makarantar dare, a nema mashi mata."

Baba ya ɗago kai.

"Gona guda? Shi kaɗai?"

Nizam ya isar da tambayar. Tsohon ya gyaɗa kai.

"Ya ture katanga?"

Tsohon ya sake gyaɗa kai, idanunsa na ƙyalli a bayan tabarau.

Baba ya miƙe tsaye a hankali. Bai bi ta kan Nizam ba. Ya kama kunnensa na hagu ya ja, ya yi alamar yagewa da yatsa, yana kallon abokinsa.

Tsohon ya bugi gwiwarsa ya kwashe da dariya.

Baba ya koma kan kujera jagwab. Ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na girgiza. Lubna ta tsorata, ta zaci kuka yake. Da ya sauke hular, kukan yake, dariyar ma yake.

"Shina da rai," ya ce. "Allah mai iko, shina da rai."

"Au, ka tuna shi yanzu?" in ji Inna.

"Hure, giwa na."

"Mi?"

"Ɗan nawa. Toron giwa na."

Nizam ya yi wa tsohon tambaya ɗaya da sauri, ya ji amsa, ya tashi ya koma bayan itace yana riƙe da ciki. Lubna ta zame daga kujera ta durƙusa a yashi, ta kasa numfashi don dariya. Matan ƙauyen da ke gefe suka tambayi abin da ya faru, aka gaya musu, su ma suka kama.

Inna kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Giwa nike ta nema wa mata?"

Nan ne ita ma ta kasa riƙewa.

*

Da aka natsu, tsohon ya nemi gafara. Ya ce tun tambaya ta biyu ya gane inda aka dosa, amma a rayuwarsa bai taɓa jin an tambayi ko giwa na salla ba, shi ya sa ya bari ya ji ƙarshe.

"Ce mashi ban yahe ba sai an ƙaro kindirmo," in ji Inna.

Aka ƙaro. Su biyun suka ba da labarin, wannan na karɓa daga bakin wancan.

Baba bai daɗe da tashi daga ciwon ba aka wayi gari da ihu a ƙauye. Ɗan giwa ya faɗa wata faffaɗar rijiyar ban ruwa a cikin gona. Uwar na bakin daji tana kururuwa tana tumɓuke itatuwa. Maza suka tare ta da ganguna da wuta, amma dole sai wani ya sauka ya ɗaura wa ɗan igiya, ga rijiyar ta fara zubewa, ba za ta ɗauki mai nauyi ba.

"Ni kuma zazzaɓi ya mai da ni kara," in ji Baba. "Kuma mun sha hidda maruƙa daga rijiya a hwadamar Gummi. Sai nic ce su zura ni."

"Kai ɗin?" Inna ta ce. "Kai da ba ka iya kama zakara?"

"Lokacin ina da ƙarhi."

Ya sauka. Ruwa ya kai masa ƙirji, ɗan giwar na ta ture shi da kai. Da ƙyar ya zagaya masa igiyar. Garin ja ne ta goce ta yage masa kunnen hagu, amma dai ya fito.

"Ya ce da ya fito bai nufi uwarsa ba," Lubna ta fassara. "Baba ya bi. Duk inda Baba ya yi, yana bayansa yana cusa masa hanci a aljihu. Sai da Baba ya gudu ya shige nan aka rufe ƙofa, sannan ya haƙura ya koma wurin uwar. Tun ranar suke ce masa ɗan Isaka. Da kunnen suke gane shi."

Inna ta juya ga mijinta.

"Ƙaƙa ba ka taɓa hwaɗa min ba?"

"Na hwaɗa maki, ranar da nid dawo. Kic ce ciwon ƙasar waje na bai sake ni ba, kinka jiƙa min sabara."

"A majalisa hwa?"

"Sau ɗaya. Atiku yay yi dariya har ya hwaɗo daga benci. Daga nan ban ƙara ba."

Inna ta dube shi. Ta miƙa hannu ta gyara masa wuyan riga, abin da ba ta taɓa yi a gaban 'ya'yanta ba.

"To, ni dai na riga na karɓe shi a raina. Ku kai ni in ga ɗana."

Tsohon ya ce yanzu rani ne, giwaye na taruwa bakin babban tafki da yamma, kuma masu gadin daji sun ce an ga Isaka a can kwanan nan. Ya sa aka kira wani ma'aikacin dajin da ya sani, mai suna Bandara.

Kafin su tafi azahar ta yi. Tsohon ya kai su wani ɗan ɗaki a gefen filin, babu komai a ciki sai tabarma. Nan Baba ya yi jinya. Tsohon ya tsaya a ƙofa ya nuna musu alƙibla da hannu, bai manta ba. Inna ta leƙa ta tabbata babu gunki, sannan ta shiga.

"Ƙasar da ake salla ana kallon yamma," ta ce tana shimfiɗa mayafi. "Allah dai shi karɓa."

*

Motar daji buɗaɗɗiya ce, mai tsawo, da ƙarafa a gefe. Nizam ya bar tasa a ƙauye ya biyo su. Bandara ya zauna kusa da direba, madubin hangen nesa rataye a wuyansa. Ya kafa musu doka tun kafin su shiga: ba sauka, ba ihu, ba miƙa hannu waje.

"Kin ji, Inna?"

"Babanki za ki hwaɗa wa."

Suka ratsa kurmi. Barewa masu ɗigo-ɗigo suka tsallaka hanya. Ɗawisu ya baje wutsiya a kan kututture bai ko kula su ba. A wani kududdufi ɓauna sun nutse sai hanci, ga kada kwance gefensu baki buɗe.

Sai itatuwan suka ƙare.

Fili ne shimfiɗe, kore shar, ya tafi har bakin ruwa. Ko'ina giwaye. Manya, matsakaita, da 'yan ƙanana masu gudu suna tuntuɓe da hancinsu. Wasu na tsigar ciyawa suna kaɗe ƙasar a ƙafa kafin su kai baki. Wasu na cikin ruwa suna watsa wa juna.

Direba ya kashe mota.

Inna ta miƙe ta kama ƙarfe.

"Malam."

"Na'am."

"Ashe gaskiya kake hwaɗi."

"Ai na hwaɗa maku."

"Garke guda, kamar shanun Fulani ranar mashaya. Dubi waccan tsohuwar, ita ta uwar garke, dubi yadda suke bin ta. Kai, dubi wancan ɗan banzan, ya hwaɗi."

Ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi.

Lubna ta duba wayarta, ta ga akwai sabis. Ta kira yayanta Saminu ta bidiyo. A Gummi hantsi ne ya ɗaga. Tun jiya ta shirya da shi, yana zaune a majalisar su Baba, gindin dalbejiyar bakin kasuwa.

Fuskar Atiku ta cika wayar, ya kawo ta daf da hanci.

"Baba Silon, an ce kana can kana kiwon giwaye."

"Ja da baya ka gani da kyau, tsohon banza."

Lubna ta juya kyamara. Hayaniyar majalisar ta ɗauke. Sai ƙarar babur can nesa a Gummi.

"Saminu," muryar Atiku ta fito, "wanga ba fim ba na?"

"Ba fim ba ne, Baba Atiku."

"To... to giwaye dai na gani. Amma batun shiga rijiya, wanga sai na ga shaida."

"Shaidar muke jira," in ji Inna. "Ɗan Malam na tahe."

"Ɗan wa?"

"Zauna dai ka gani."

Bandara ya daɗe yana bin bakin dajin da madubinsa. Toraye manya ba sa zama cikin garke, ya ce, su kaɗai suke fitowa, kuma sai rana ta yi sanyi.

Rana ta yi sanyi. Inuwar itatuwa ta miƙe a kan ciyawa.

Sai suka ji ƙarar reshe ya karye.

Giwayen da ke kusa suka daina ci. Uwar garken ta tattara ƙananan ta sa su tsakiya.

Wani toro ya fito daga hannun dama, shi kaɗai. Ya fi duk wanda suka gani girma, jikinsa ja da ƙasa, haurensa biyu farare. Bai nufi ruwa ba. Gefen motar yake bi, a hankali, ɓarinsa na dama ne kawai suke gani.

"Shi na," Baba ya ce da raɗa. "Hure, shi na."

"Tubarkalla. Ya yi kama da kai wurin tahiya."

A cikin waya ana jin mutanen majalisa na ture juna. "Matsa in gani." "Kai, wanga ai gida na."

Toron ya tsaya. Ya ɗaga hanci sama yana shinshina iska. Sai ya karkato ya fara takowa wajensu.

Baba ya miƙe tsaye. Hawaye na bin gemunsa. Ya manta da doka, ya manta da kowa. Ya jingina ƙirjinsa da ƙarfen motar ya miƙa hannu waje.

"Taho," ya ce. "Taho, ɗana. Ni na."

"Baba, ka zauna," in ji Lubna, amma ita ma murmushi take.

Ya matso har suna jin numfashinsa. Wani baƙin ruwa na gangarowa daga gefen idonsa, ga wani wari mai ƙarfi da ya cika motar.

Ya juyo da fuskarsa sosai, ya baje kunnuwansa biyu.

Lubna ta dubi na dama. Ta dubi na hagu.

Babu yaga ko ɗaya.

Ta juya ga Bandara. Ya sauke madubin, fuskarsa ta canja. Hannunsa ɗaya ya kama damtsen direba, ya hana shi taɓa makulli. Bai ɗaga murya ba, leɓɓansa kawai suka motsa.

"Kada kowa ya yi motsi, ruwan nan na gefen idonsa alamar hauka ce. Wannan ba Isaka ba ne."

Hannun Baba na nan a waje.